Mai Lambu da Baƙinsa

Furen kabewa ba ya jiran kowa. Da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take tsaka ya yi laushi ya tsuke bakinsa, kuma ba zai ƙara buɗewa ba. Duk abin da zai sa gunda ta kama har ta zama kabewar miyar taushe, a cikin waɗannan 'yan awoyi yake faruwa, in ya wuce kuwa ya wuce. Kawuna, wanda ya tsufa a kan noman lambu a ƙasar Kura, ya san wannan lokaci kamar yadda ya san lokutan salla. Da an idar da asuba gari ya fara haske, sai ya shiga lambu ba fartanya ba lauje, ya goya hannu a baya, yana bin yaɗon kabewa da na kankana yana leƙa fure ɗaya bayan ɗaya. Ina yaro na ɗauka ɓarnar dare yake dubawa, ta ɓera ko ta akuyar maƙwabta. Sai da na yi wayo na gane baƙi yake ƙirgawa. In ya leƙa furanni goma ya tarar da ƙudan zuma a shida ko bakwai, hankalinsa ya kwanta, ya koma ya ɗauki fartanya. In ya tarar da su wayam, to ranar akwai wani aiki na daban a gabansa.

Ga wanda bai saba ba, fure dai fure ne. Mai lambu kuwa ya san yaɗo guda yana ɗauke da fure iri biyu. Akwai namiji, mai dogon wuya siriri, da ɗan tsinke a cikinsa wanda ya sha gari rawaya, garin nan da manomi ke kira bununi in ya gan shi a kan gero. Akwai mace, gajeruwa, da 'yar gunda kamar lemon tsami a ƙarƙashinta tun ba ta buɗe ba. Mazan su ke fara fitowa, su ne kuma suka fi yawa, su yi yininsu su zube. Na sha ganin sabon shiga yana kallon furanni na zuba, ya ɗauka cuta ce ta shigo, ya garzaya kasuwa sayen magani, alhali shukar lafiyarta ƙalau, matan ne ba su iso ba tukuna. Bununin kabewa yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Dole sai wani mai fiffike ya kutsa cikin namijin neman ruwan zaƙin da ke gindin furen, ya fito jikinsa buɗu-buɗu, sannan ya faɗa cikin macen. In hakan bai samu ba kafin hantsi ya wuce, gundar za ta yi kwana biyu kamar za ta girma, sai ta yi rawaya ta ruɓe ta faɗi.

Kankana ta fi haka son hidima. Masu bincike a Amurka sun daɗe da ƙirgawa, suka ga furen mace guda yana bukatar ƙudan zuma ya sauka a kansa aƙalla sau takwas kafin a sami ɗa mai kyan siffa. Bakin da ke karɓar bununi a tsakiyar furen kashi uku ne, in wani kashi ya samu da yawa wani ya samu kaɗan, sai kankana ta fito a karkace, gefe guda ya cika ya batse, ɗaya gefen ya shafe. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tulin kankana a kasuwar 'Yan Lemo ya ga irinsu, su ake warewa gefe a sayar da araha. Mai saye zai ce ruwa ne bai ishe ta ba, ko taki. Sau da yawa baƙi ne suka yi ƙaranci a safiya ɗaya tak, mako biyar ko shida da suka wuce.

Akwai abin da na daɗe ina juyawa a rai game da akushin Bahaushe. Tuwon da ke ciki, na dawa ne ko na gero ko masara ko shinkafa, bai nemi taimakon ƙwaro ko ɗaya ba. Waɗannan hatsi iska ke yi musu barbara, wasunsu ma kansu suke yi wa, shi ya sa furensu ba launi ba ƙamshi, don ba wanda suke gayyata. Amma leƙa kwanon miya. Kabewa da agushi aikin ƙudan zuma ne. Daddawa daga kalwa take, kalwa daga ɗorawa, ɗorawa kuwa jemagu da zuma ke yi mata hidima. Albasa ba ta yin iri sai da ƙudaje da zuma. Man kaɗe ma da hannun zuma a ciki, manja kuma da na wani ɗan ƙwaro mai dogon baki wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kukar da ake kaɗawa ganye ce, gaskiya, amma bishiyar da za ta gaji wadda ake tsinka yau daga 'ya'yan da jemage ya yi wa barbara za ta tsiro. Iska ke ba mu tuwo, miya kuwa masu fiffike ke kawo ta. Wani babban rahoto da masana na ƙasashen duniya suka fitar a 2016 ya ce kimanin kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu. A nan maƙwabta, a Burkina Faso, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya hana ƙwari isa ga furannin auduga da na riɗi don a ga bambanci: auduga ta ragu da kashi 37 cikin ɗari, riɗi da kashi 59. Mai kai riɗi kasuwar Maigatari ba sai an fassara masa asarar fiye da rabin buhunansa ba.

Gwanintar kawu ta faro ne daga sanin cewa baƙin nan ba iri ɗaya ba ne, kowa da ƙofar da yake shiga da lokacin da yake zuwa. Mu in muka ce zuma, na cikin amya muke nufi, alhali jinsin zuma a duniya ya haura iri 20,000, kuma galibinsu ba sa tara ruwan zuma, ba su da sarauniya, kowace uwa ita kaɗai take haƙa ɗakinta ta ajiye wa 'ya'yanta guzuri. Game da na amyar, Karl von Frisch, masanin ƙasar Ostiriya da ya sami kyautar Nobel a 1973, ya nuna yana bambance launi, kuma in ya koma gida yakan yi wata rawa da ke shaida wa 'yan'uwansa inda abinci yake da nisansa. Rawaya da shuɗi da fari ke jansa, ja kuwa kusan duhu ne a idonsa. Don haka jan fure mai dogon maƙogwaro, irin na minjirya da na kauci, rabon tsuntsu ne, ɗan tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki da sheƙin wuya wanda Hausawa suka raɗa wa suna sha-kauci. Wanda ya raɗa wannan suna ya tsaya ya kalli bishiya da idon basira. Abin da littafin kimiyya zai ci shafi guda yana bayani, shi da kalma biyu ya faɗe shi.

A rumfar kawu akwai azara guda da ta sha huji, zagayayyu sumul, kowane zai ci ɗan yatsa. Baƙar zumar nan ce mai ƙaton jiki da ƙugi ta mayar da ita gida. 'Ya'yansa sun sha cewa a cire azarar kafin rumfa ta rufto. Abin da ya yi, ya kafa sabuwa kusa da ita ta ɗauki nauyin rufin, ya bar tsohuwar a wurinta. Ya lura cewa wannan baƙar ita ke zuwa wa yalo da gauta da tumatir, zumar amya ba ta cika kula su ba. Lurar tasa daidai take. Bununin waɗannan shuke-shuke a kulle yake cikin wani ɗan kwaroro mai ƙaramin baki kamar tandun kwalli, ba ya fita sai an kaɗa. Baƙar zumar takan rungume furen, ta riƙe fiffikenta cik, ta girgiza naman ƙirjinta, sai ka ji sautin ƙuginta ya canza ya yi kaifi, garin kuma ya feso mata a ciki. Zumar amya ba ta iya wannan ba. A Turai, inda ake noman tumatir cikin ɗakunan gilashi da iska ba ta kaɗawa, da can leburori ke bin furanni da wata 'yar sanda mai karkarwa, har zuwa ƙarshen shekarun 1980 lokacin da aka fara kiwon wata zuma mai gashi a Beljiyam ana sayar wa manoma a kwali. Abin da suke saye da kuɗi, kawu yana da shi a jikin azara.

Ƙuda ma baƙo ne, ko da yake ba kowa ke son jin haka ba. In mangwaro ya yi huda a lokacin ɗari, je ka tsaya a gindinsa da hantsi ka ɗaga kai. Za ka ga zuma, amma za ka ga ƙudaje jingim, har da koren ƙudan nan na mahauta, suna tafe a kan ƙananan furanni da ba su da zurfi, waɗanda gajeren baki ke iya lasa. Inda ƙuda ya fi nuna amfaninsa kuwa shi ne wajen irin albasa, kuma a nan ne ake gane mai lambu na gaske. Kowa na iya sayen iri ya zuba ya dasa ya cire albasa. Fitar da irin da kansa wani ilimi ne dabam. Sai an zaɓi lafiyayyun kawuna masu kyan launi da tsukakken wuya, a adana su, a mayar da su ƙasa in sanyi ya shigo, su fid da dogon kara mai farin dunƙule a ka. Dunƙulen nan ƙananan furanni ne ɗaruruwa, kuma kowane ɗaya yakan riga ya zubar da bununinsa kafin bakinsa na mace ya nuna, don haka ba ya iya yi wa kansa, sai an kawo masa daga wani. Ga shi kuma zumar amya ba ta ɗauki albasa da muhimmanci ba, in ta sami wani fure kusa sai ta yi can. Saboda haka kawu ba ya kafa fangalin irin albasa kusa da abin da zai janye masa zuma, kuma a makonnin da dunƙulen ke buɗe ba ya bari feshi ya kusanci wurin ko da wane dalili. Kamfanonin iri a ƙasashen waje har kiwon ƙudaje suke yi, su sake su cikin rumfunan raga inda suke haɗa irin albasa. Jar albasar Galmi da ta yi suna har bakin teku, da ta Aliero, daga hannun mutanen da suka iya wannan zaɓe da wannan haƙuri suka fito, shekara bayan shekara, domin baƙin irin albasa ba ya jure ajiya, in ya shekara ƙarfin tsirarsa ya fara raguwa.

In rana ta faɗi, wasu baƙin ke karɓar aiki. Duman da ya hau danga fari ne furensa, kuma da magariba yake buɗewa, lokacin da zuma ta koma gida. Farin don a hango shi cikin duhu ne. Mai zuwa masa wani ɗan'uwan malam-buɗe-littafi ne na dare, mai kaurin jiki, wanda ke tsayawa cak a iska gaban furen ya warware dogon harshensa kamar zare. Irinsu ne kuma ke zuwa wa gwanda. Gwanda tana da namiji wanda ba ya haihuwa, sai dogayen reshen furanni masu ƙamshi da yamma, kuma mutane da yawa da sun gane shi sai su sare, wai yana cin wuri a banza. Kawu yakan bar guda ɗaya a cikin kowane goma ko makamancin haka, a gefen da iskar yamma ke ɗauko ƙamshinsa ta ratsa da shi cikin matan.

Manyan bishiyoyi kuwa jemagu suke jira. Furen kuka fari ne babba, yana reto kai ƙasa a kan doguwar igiya, ya buɗe da almuru da wani wari mai tsami wanda hancin mutum ba ya so, kafin gobe da yamma ya yi ja ya mutu. Na ɗorawa kamar jan tuntun dara yake, a rataye nesa da ganye inda mai fiffike zai iso ba tare da ya sarƙe ba, da dare kuma ruwan zaƙi ya taru a jikinsa har ya ɗiga. Wasu masana biyu, Baker da Harris, su suka bayyana a 1957 yadda jemagu ke yi wa ɗorawa barbara, daga abin da suka gani da idonsu a Gana. Da gari ya waye zuma ta zo ta kwashe saura. Yaron da ya harbo jemage da danƙo a gindin ɗorawa bai san da tukunyar daddawar kakarsa yake faɗa ba, kuma laifin namu ne da ba mu gaya masa ba.

Sanin baƙi rabin aikin ne. Ɗaya rabin, wanda na fi jinjina wa, shi ne sanin abin da za a bari. Lambun kawu bai taɓa zama irin wanda aka share tas ba. Wanda ya zo wucewa zai iya cewa tsufa ne ya hana shi gyara gefen kunya. Na taɓa kama wata ɗoɗɗoya da ta yi tsawo ta yi fure a bakin magudanar ruwa zan tumɓuke, sai na ji muryarsa a bayana: "Kai ɗan nan, sake ta. Ba taka ba ce, ba tawa ba ce, da masu ita." Da na dubi tsinkayen furen da kyau sai na ga ƙananan zuma sun fi ashirin a kai. Bari ba shegiya ba ce, in ji Hausawa, kuma a lambun nan kowace bari da ubanta. Karkashin da ya fito da kansa a bar shi ya yi furensa mai kama da na riɗi. Yakuwa da rama a jera su a kan iyaka. Na'ana'a a bar wani sashe ba a yanka ba. Karas da latas ɗin da suka tsere suka yi kara, a bar kaɗan. Zogale shi ne shinge, domin yana yin fure kusan ko yaushe in yana samun ruwa, kuma baƙar zumar azara tana sonsa ƙwarai. Ba a warwatsa su ɗaya nan ɗaya can, a gungu ake barinsu, saboda zuma in ta fito kiwo takan riƙe fure iri guda ta yi ta binsa, gungu kuma ya fi saurin shiga ido daga sama.

Hikimar da ke ƙarƙashin wannan ita ce, kabewa da kankana makonni kaɗan suke fure, baƙin kuwa suna cin abinci kowace rana ta shekara. Wanda bai ciyar da su a watannin da ba ya bukatarsu ba, ba zai same su a makon da yake nemansu ba. Kawu yana riƙe da jerin furanni a ka kamar yadda malami ke riƙe da lissafin watanni. Magarya tana fure wajen ƙarshen damina. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, yana bayar da nasa bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da ciyawa ta fara bushewa. Sai mangwaro da kaɗanya a cikin ɗari, ɗorawa da darbejiya su biyo baya zuwa bazara, kuka ta karɓa gab da saukar ruwa. Shi ya sa sare bishiya guda a gefen gona don buhun gawayi yake ɓata masa rai fiye da yadda mutane ke zato, domin a lissafinsa wata guda aka cire daga abincin shekara. Masu binciken kaɗanya a Burkina Faso sun ga abin da ya yi daidai da wannan: inda aka bar bishiyoyi da kurmi iri-iri a kewaye, kaɗanya ta fi samun barbara. In kuwa ka ga zuma ta yi dafifi a kan garin masara a wurin injin niƙa, ko ta addabi mai sayar da rake, to daji ya ƙare mata ne, yunwa ce ta kawo ta cikin mutane.

Sai ruwa. Da bazara zumar amya takan ɗebi ruwa ta kai gida ta shimfiɗa a kan saƙa, ta yi ta fifita da fiffike don sanyaya 'ya'ya. A bakin rijiya da randa da yawa suke faɗawa su mutu. Kawu yana ajiye tsohon kasko a inuwa, ya zuba tsakuwa har ta ɗan fito saman ruwa, ya jefa guntayen kara, yadda za su sauka su sha ƙafarsu a kan busasshe. Kullum a wuri ɗaya, kullum da ruwa, yana juye shi yana sabuntawa kada sauro ya yi ƙwai. Akwai kuma wani ɗan tudu mai yashi a kusurwar gabas da ba a taɓa sa masa fartanya, cike da ƙananan ramuka kamar na tururuwa, gidajen zumar ƙasa ke nan. Tsagar tsohuwar katanga da 'yan mitsi-mitsin zuman nan marasa harbi suka yi wa ɗan bututun kaki a baki, ita ma ba a yaɓe ta. Amyarsa biyu ce kacal, a kan tsamiya nesa da hanyar yara, kuma in zai sha zuma da hayaƙi yake sha, ya bar musu rabonsu, ba ya cinna wa gida wuta ya ƙone masu shi.

Maganar feshi ita ce mai zafi. Ba na cikin masu cewa a daina, domin duk wanda ya noma wake ya san abin da tsutsa ke yi wa huda in an ƙyale ta. Amma maganin da ke kashe tsutsa bai san baƙo ba bai san ɓarawo ba. Wata shekara wani maƙwabcin lambu ya sayo magani, mai shagon ya ce masa ya ninka awo don ya fi ci, ya fesa wa kankanarsa da hantsi tana tsakiyar fure. Washegari gindin tsamiyar kawu baƙi ƙirin da gawar zuma, wasu suna ta juyi a ƙasa sun kasa tashi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba. Shi maƙwabcin ma kankanarsa ba ta yi albarka ba a shekarar. Ƙa'idar kawu ba ta da wuya. Ba ya fesawa sai ya ga ɓarna da idonsa. Ba ya wuce awon da aka rubuta. Yana jira sai yamma lis, furannin safe sun rufe, zuma ta koma, iska ta kwanta, ya kife kaskon ruwa tukuna. Ko da yamman ma yana kauce wa dangar duma da gindin gwanda, saboda su a lokacin baƙinsu ke hanya. Tarayyar Turai ta haramta amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku a fili a 2018 saboda illarsu ga zuma. Mu a nan, kafin doka ta iso bakin fadama, abin da ke tsaron zuma shi ne hankalin mai riƙe da famfon feshi.

Inda baƙi suka gaza, mutum ne ke zama ƙudan zuma, kuma wannan tsohuwar sana'a ce. Dabino yana da namiji da mace a bishiya dabam-dabam, kuma tun zamanin da, masu shi ba sa barin abin ga iska. A In Gall da Bilma da Dutse, kamar yadda ake yi a ƙasar Larabawa, akan hau macen da 'yan silin furen namiji, a cusa su cikin nonon da ya tsage, a ɗaure, namiji guda ya wadaci mata da dama. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da manoman dabinon Madina, inda Manzon Allah (SAW) ya mayar musu da sanin al'amarin sana'arsu, a kan wannan aiki ya zo. A tsibirin Reyuniyon, a 1841, wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano yadda ake ɗaga wani ɗan marfi a cikin furen banila da siririn tsinke, a matse namiji da mace da babban yatsa. Da dabararsa ake barbarar banilar Madagaska har yau, fure ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya rasu a 1880 cikin talauci. A Malesiya leburori ne ke bin kwakwar manja da bununi a hannu, har zuwa 1981 da aka kai musu ɗan ƙwaron nan mai dogon baki daga Kamaru, ya karɓi aikin baki ɗaya. Wannan labari na ƙarshe ya nuna iyakar hannun mutum: yana iya cike gurbi, amma ba ya kai ƙwaro yawa, ba ya kai shi araha.

Kawu ma haka ya ɗauki abin, aikin ranar larura. In safiya ta zo da hazo mai kauri da sanyi har zuma ta maƙale a gida, ko kabewa ta riga sauran furanni fitowa, sai ya tsinko namijin da ya buɗe a safiyar, ya taɓa tsinken da yatsa ya ga garin ya kama, ya yage rawayar rigar furen ya bar tsinken tsirara. Ya durƙusa gaban macen, ya tallafe ta da hagu ba tare da ya matsa gundar ba, ya shafa tsinken a hankali yana juyawa har kowane sashe na bakin ya samu. Namiji guda mace biyu, in ya yi yawa uku, sai ya jefar ya tsinko wani. Hannun da ya yi kanta da ƙotar fartanya, a nan sai ka ga ya yi laushi kamar na ungozoma.

In kuwa kabewar iri yake so, wadda zai ajiye 'ya'yanta don baɗi, tun jiya da yamma yake fara shiri. Yakan nemi macen da bakinta ya fara rawaya, alamar gobe za ta buɗe, da namiji daga wani yaɗon da ya yarda da zaƙinsa, ya ɗaure bakin kowanne da zare don kada wani baƙo ya riga shi shiga da bununin da bai sani ba. Da asuba ya kwance, ya haɗa su, ya mayar da zaren ya ɗaure macen, sannan ya ƙulla jan ƙyalle a wuyan gundar. Bayan kwana uku yakan dawo ya duba. In ta yi sheƙi ta fara nauyi ta kwanta a ƙasa, sai ya tura mata busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi saboda damshi, ya ce Alhamdu lillahi, ya wuce ta gaba.